Kwafin Da Ya Kwana A Koren Fayil

Shafi na 19

Tun shekaranjiya wayata ba ta huta ba. Wannan ta ce Yaya muguwa ce, waccan ta ce in ban tona mata asiri ba ta daina karantawa, wata baiwar Allah har akwatin saƙo ta biyo ni wai na hana ta cin abinci. To ku sassauta min, ba ni na aike ta ba. Duk wadda ƙirjinta bai taɓa yin zafi ba ranar da aka yabi ƙanwarta a gabanta, ta ɗaga hannu mu gan ta.

Ku kuma da kuka shigo yanzu, ga inda muke. Auta ta samu gurbin karatun lauya a makarantu biyu, ta cikin gari da ta nesa. Yau Alhamis, ƙarfe sha biyun rana za a rufe karɓar amsa.

*

Ƙarfe bakwai na safe Yaya na durƙushe a gaban gadon Mama tana murza mata ƙafar hagu da man zafi. Aikinta ke nan kowace safiya, shekara goma sha ɗaya, tun ranar da ƙafar da hannun suka daina jin magana.

Daga falo ana jiyo Auta tana guga tana 'yar waƙarta.

"Ji ta," in ji Mama, tana murmushi da gefen bakin da ke motsi. "Lauyata ke nan. Yau ko shayi ba ta nema ba."

Yaya ta danna dunduniyar.

"Wash! Ke Yaya, ƙafa ce fa, ba tsumman goge ɗaki ba."

"Yi haƙuri Mama."

Lauyata. Wata guda ke nan kalmar na yawo a gidan, duk inda ta juya sai ta ci karo da ita. Maƙwabta in sun leƙo, ina lauyarmu. Kawu in ya kira waya, ba ni lauya. Ita kuwa me ake ce mata? Yaya ruwan wanka. Yaya ina ƙwayar safe. In ta je ofis kuma, Sakatariya ina fayil ɗin wane.

Kuma wallahi da a ce wata makarantar ce da abin ya zo mata da sauƙi. Amma ta nesan nan, ita ce dai wadda ta taɓa ɗaukar Yaya. Takardar na nan cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon nan, ta yi ja don tsufa. Saura kwana shida ta tafi Mama ta yanke jiki ta faɗi a kicin. Babansu ya riga ya rasu, Auta na aji uku a firamare. Ba wanda ya ce mata kada ki tafi. Kowa dai ya zuba mata ido, ita kuma ta kwance jakarta.

Auta ta shigo da farar riga a kafaɗa.

"Yaya, bari in gwada tayar da ita yau. Hannuna ta nan zan zura, ko? Ta ƙarƙashin hammata?"

"Bar shi."

"Don Allah. Jiya ma na ga yadda kika yi."

"Na ce ki bar shi. Mai tafiya makarantar manya ina ruwanta da ɗaga mara lafiya? Kada ki ɓata farar rigarki."

Kwana shida ke nan Auta ta tsiri wannan ɗabi'ar. Yau ta tambayi wace ƙwaya ce ta safe wace ce ta rana, gobe ta tambayi yadda ake juya Mama kada bayanta ya yi gyambo, har ɗan littafi ta samu tana rubutawa. Yaya kallonta kawai take yi. Iyayi ne, ba komai ba. So take in ta tafi a ce ai yarinyar nan ta yi wa uwarta hidima.

"To wai ni kam wacce kika zaɓa?" Mama ta tambaya. "Kawunku ya ce ta nesa, wai duk wanda ya fito daga can tun daga tafiyarsa ake gane shi. Maƙwabciya kuma ta ce ta gari, wai ko ba komai ido na ganin ido."

Auta ta zauna bakin gado.

"Ta nesa dai Mama ba a magana. Ɗakin karatunsu hawa uku ne. Suna da kotun gwaji, da kujerar alƙali da akwatin shaida da komai, kuma tsofaffin alƙalai ke koyarwa. Ta gari kuwa ajin farko sun fi ɗari biyu, wanda ya makara a taga yake ɗaukar darasi."

"To ai magana ta ƙare."

"Amma mota ɗaya ce daga ƙofar gidan nan." Ta juyo. "Yaya, ke wacce kika ga ta fi?"

"Ni me na sani? Ni mai buga takarda ce."

"Haba Yaya! Ke da ƙananan lauyoyi ke laɓaɓowa teburinki suna tambayar yadda ake shigar da ƙara? Rannan wani mai sabon kwat har rusuna miki ya yi."

Yaba ta Auta take yi, tsakani da Allah. Amma Yaya ji ta yi kamar an goga mata barkono a ido. Eh, suna tambaya. Su tambaya, su shiga kotu su faɗi abin da ta koya musu, a ce Barista wane ya yi ƙoƙari. Ita kuma ta haɗa musu shayi.

Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da murza. A ranta ta ce, yi ta zaɓenki yarinya, an riga an zaɓar miki.

*

Bari in maimaita abin da ta yi, don akwai masu karatu da tsalle.

Ranar Juma'ar da ta wuce ambulan ya iso ofis da tambarin makarantar nesa. A samansa an rubuta cewa na Barista ne, wato mai ofishin, shi kaɗai zai buɗe. Dokar ofishin ita ce irin wannan ambulan sakatariya ba ta farke shi, lambar da ke bayansa kawai take kwafewa a rajistar wasiƙun da suka shigo, ta miƙa. Dokar dai sunanta doka. Shekara biyar ke nan idon Barista ya yi rauni, komai ita ke karanta masa, har sakamakon asibitinsa. Yakan karɓa ya juya shi a hannu, ya mayar mata ya ce, karanta min.

Ran nan da ta faɗa masa daga inda ambulan ɗin ya fito sai ya soka shi a aljihun kwat.

"Bar wannan," ya ce.

Da yamma sai ga Auta. Ta gaishe ta a tsaitsaye, ta wuce ɗakin Barista, aka turo ƙofa. Yaya na zaune tana jiyo dariyarsu. Shekara goma sha ɗaya tana yi wa mutumin nan aiki bai taɓa rufe ƙofa ya bar ta a waje ba, sai a kan yarinyar da ita ta koya wa riƙe fensir. Ita ce ma da hannunta ta buga wasiƙar da ya yabi Auta lokacin neman gurbi. To me kuma ya rage a ɓoye mata? Tausayinta suke ji, shi ke nan. Kada a karanta a gaban 'yar wahala ranta ya ɓaci.

Da wannan ta wuni Asabar, da shi ta wuni Lahadi.

Ranar Litinin ta zauna gaban kwamfuta ta buga layi uku a kan takardar ofis. Ta ce dangane da wasiƙarku mai lamba kaza, ɗalibar da ofishin nan ya tsaya wa ta zaɓi wata makarantar, ba za ta karɓi gurbin ba, muna godiya. Sau biyu ta ɗora yatsu za ta buga sunan Auta, yatsun suka ƙi. Sai ta ce ai lamba ta wadatar, da lamba ake aiki.

Ƙarfe huɗu ta kai masa takardun sa hannu. Yadda suke yi shi ne ta ɗora rula a inda zai sa hannu, ta faɗa masa ko ta mece ce, shi kuma ya bi rular da biro.

"Wannan ta kotu ce Yallaɓai. Wannan ta masu rigimar fili."

"Wannan fa?"

"Tunatarwa ce ga masu gyaran rufi."

"Yauwa, ki matsa musu."

Ya sa hannu. Ta buga hatimi, ta ba kamfanin da ke kai saƙo washegari.

Ta yi ta lallashin zuciyarta tun daga ranar. Ai ba hana ta karatu ta yi ba. Ta gari ma makaranta ce, lauya dai za ta zama. Waccan ce kawai ba za ta je ba. Ba za ta hau matakalar da Yaya ta yi shekaru tana hawa a mafarki ba, ta ɗauki hoto a bakin ƙofar ta turo a ce Yaya zo ki gani.

Ni dai ban ce ta kyauta ba. Faɗa muku kawai nake yi.

*

Auta ta miƙe tana saka takalmi.

"Ni zan yi gaba Yaya. Barista ya ce in riga ki zuwa."

"Ki riga ni? A ofishin nawa?"

"Cewa ya yi in ciro masa koren fayil kafin ki iso, mu ga lambar da ke biye. Kin san shi, wai ko amsar makaranta ce sai ta fita da lamba."

Kwalbar man zafi ta suɓuce daga hannun Yaya ta gangara ƙarƙashin gado.

Koren fayil!

A ofishin Barista wasiƙa ba ta fita ita kaɗai. Biyu ake bugawa, ɗaya ta tafi, ɗaya a huda ta a saka a koren fayil, kowace da lambarta a jere. Darasin da ya fara koya mata ke nan ranar da ta kama aiki, kuma ta yi shi sau dubbai, har hannunta ya daina neman izininta. Yanzu ne take ganin kanta ƙarara ranar Litinin. Firinta ta turo takarda biyu. Ta ɗauki abin huda. Ƙwas. Ta ɗaga ƙarfen fayil ta zura, ta mayar kan kanta, duk tana tunanin yadda za ta yi wa Barista ƙarya.

Innalillahi. Ta yi ɓarna, ta kuma adana shaida a inda ya dace, da lamba da kwanan wata.

"Jira ni mu tafi tare."

"Ai ba ki yi wa Mama wanka ba."

"To ki bar fayil ɗin sai na zo. Ba kowa ke taɓa min kanta ba, za ki hargitsa min."

"Kore ne fa Yaya, ba makauniya ba ce ni." Auta ta yi dariya, ta sumbaci goshin Mama. "Mama a yi mana addu'a, yau akwai labari."

"Auta!"

Ƙofa ta riga ta rufu.

"Lafiya kike kuwa?" Mama ta tambaya. "Ji yadda kike zufa."

"Lafiya lau. Kawo hannunki."

Ba a taɓa yi wa Mama wanka irin na ranar ba. Sabulu a ido, ruwa a kunne, tana ta salati tana cewa ko gobara ake yi ne. Maƙwabciyar da ke zama da ita da rana kuma, yau da ake nemanta, sai takwas da kwata ta shigo tana jan silifas tana ba da labarin ciwon haƙorinta. Yaya ba ta tsaya jin ƙarshensa ba.

A mota ta kira Auta sau huɗu. Ba ta ɗauka ba.

*

Ofishin na hawa na biyu, saman wani shagon magani. Bibbiyu ta dinga haɗa matakalar. Tana tura ƙofa idonta ya tafi kan kanta.

Ga shuɗi, ga ja, ga gurbin kore a wangale.



"Sakatariya ce?" Muryar Barista daga ciki. "Shigo."

Yana zaune a kujerarsa da tabaransa mai kauri, ya sa kwat ɗin da yake sawa in zai je babbar kotu. Auta na gefe a kujerar baƙi. Koren fayil na kan tebur a rufe, ta ɗora gwiwar hannunta a kai. Ga tire da kofi uku na shayi, an ma riga an zuba.

"Ina kwana Yallaɓai. A yi haƙuri na makara. Bari in ɗauki fayil ɗin in fitar da lamba."

Ta miƙa hannu.

"Bar shi. Zauna."

"Minti ɗaya ne Yallaɓai, a teburina zan..."

"Na ce ki zauna, 'yata."

Ɗaya kujerar baƙin ya nuna. Shekara goma sha ɗaya tana goge kujerar nan, ba ta taɓa zama a kanta ba. Ta ɗosana a gefe-gefe. Sun gani ne? In sun gani, me ya kawo shayi? Ta saci kallon Auta. Yarinyar sai cije leɓe take tana danne murmushi.

"To Auta," in ji Barista, "ke za ki fara."

Auta ta gyara zama.

"Yaya, na zaɓa. Ta gari zan shiga. Tun ranar Talata na kai musu amsa da ƙafata."

Yaya ta dube ta. Ya kamata ta ji sanyi, ko ba haka ba? Abin da take so ke nan, ga shi ya zo da kansa. Amma zuciya ba ta da kunya. Wani abu ne ya taso mata tun daga ciki, ya fi na da zafi.

"Ta gari?"

"Eh."

"Mai ɗaukar darasi ta taga?"

"Zan dinga sammako."

"An ba ki waccan, kika ce ba kya so?"

"Yaya, tsaya ki ji..."

"An ba ki! A hannu aka damƙa miki, kika duba kika ce a'a, bari dai in ɗauki wannan, kamar mai zaɓen takalmi a kasuwa!"

"Sakatariya," in ji Barista.

"A'a Yallaɓai, yau dai a bar ni in yi magana." Ta miƙe. "Ke komai a sauƙaƙe yake zo miki. Ki so, a ba ki. Ki ƙi, a ce kin yi hankali. Ni wa ya taɓa tambayata wacce nake so? Wa ya taɓa zaunar da ni ya zuba min shayi ya ce zaɓi? Kin san yadda ake ji mutum ya buga wa ƙanwarsa wasiƙar yabo zuwa makarantar da ta taɓa kiransa? Kowane harafi sai da na haɗiye shi. Haziƙa ce, mai ƙwazo ce. Ni fa? Ni jaka ce?"

"Wallahi Yaya ban taɓa..."

"Wata guda ana lauyata, lauyarmu. Ina wanke kashin Mama ina jin ana lauyata! Kin san sau nawa na jawo akwatin nan na buɗe takardar nan na karanta? Na haddace ta! Ke kuma kin samu kin yar, don ki nuna min abin da ya hana ni sukuni ke ko a jikinki!"

Hawaye ya ɓalle mata. Ta sa bayan hannu ta share da ƙarfi, haushin kanta ya kama ta.

Auta ma idonta ya cika.

"Na san kina buɗe akwatin," ta ce a hankali. "Tun ina ƙarama nake ganinki. Ni ma na buɗe shi."

"Kin buɗe ki yi me?"

"Na ɗauki takardunki na makaranta. Na yi hotonsu na mayar."



Barista ya zura hannu a aljihun kwat, ya zaro ambulan ɗin nan na ranar Juma'a. Gefensa har ya lanƙwashe don yawo a aljihu. Ya miƙo shi saitin inda yake jin numfashinta.

"Kin gama? To karɓi. Karanta min."

"Yallaɓai ai an riga an karanta maka."

"An karanta. Yarinyar nan ta karanta min sau uku, da gudu kamar ana korarta. A bakinki nake so in ji."

Ta karɓa don ba ta iya yi masa musu ba. Ta warware takardar. Ta gyara murya irin ta aiki, wadda take karanta sammaci da ita.

"Zuwa ga Barista. Bayan gaisuwa, muna farin cikin sanar da kai cewa kwamitin ɗaukar ɗalibai ya amince da roƙonka a kan..."

Ta tsaya.

Sunan da ke wurin ba na Auta ba ne.

Ta matso da takardar kusa da ido. Ta nisantar da ita. Sunan bai canza ba. Nata ne, cikakke, da na babansu a ƙarshe, sunan da ta kusa mantawa da shi don ba mai kiranta da shi.

"Ci gaba mana," in ji Barista, yana dariya ƙasa-ƙasa.

Ta kasa.

"To bari in taya ki. Makarantar nan tana da gurbi ɗaya tak duk shekara, na ma'aikacin ofishin lauya da ya haura shekara goma yana aiki. Ba a nema, lauyan da kake ƙarƙashinsa ne yake tsaya maka. Bara na rubuta, aka ba wani. Ban faɗa miki ba don kada in ɗaga miki rai a banza. Bana na ce a haɗa da takardunki, shi ne na jawo wannan 'yar ƙwal ubar cikin maganar."

"A shagon buga takardu na bakin titi muka buga," in ji Auta, tana dariya tana share hawaye. "Yallaɓai ya ce ba yadda za a yi a ba ki ki buga yabon kanki, gyara masa za ki yi ta yi."

"Amma... naki..." in ji Yaya. "Naki gurbin..."

"Nawa ai ta waya suka turo min tun tuni, bai biyo ta ofis ba. Ranar Juma'ar da wannan ya zo na yanke shawara. Dole ɗaya ta zauna da Mama, Yaya. Kin yi sha ɗaya. Ni ma in yi nawa." Ta ciro ɗan littafin nan daga jaka ta ɗaga. "Kin ga, fara da safe, ja da rana, rabin fara da yamma. Ɗagawar ce kawai kika ƙi koya min. Mama ma ba ta sani ba, mun ce sai an tura amsa tukun, don bakinta ba ya riƙe magana."

Allah sarki.

Yaya ta koma ta zauna. Idonta ya sauka ƙasan takardar, inda aka ja layi. An ce amsa ta fito daga ofishin lauyan da ya tsaya wa ɗalibar, da sa hannunsa da hatiminsa. An ce amsar da ta fara isowa da ita za a yi aiki, in an ƙi gurbin nan take zai koma ga na biye, don masu jira suna da yawa.

Sannan idonta ya hau can sama, kusurwar dama, inda lambar wasiƙar take.

Ta san lambar. Ita ta kwafe ta a rajista ranar Juma'a. Ita ta buga ta ranar Litinin, ta duba sau biyu don kada ta yi kuskure.

"Ji ta, ta zama kurma," in ji Barista cikin jin daɗi. "Sha shayinki. Yau ke ce baƙuwa, ba za ki taɓa kwamfuta ba. Auta za ta buga amsar, mu tura hotonta kafin sha biyu, takardar ta bi baya. Ƙarfe nawa yanzu?"

"Tara da rabi Yallaɓai."

"Da sauran lokaci. Buɗe fayil ki faɗa min lambar ƙarshe."

"Auta," in ji Yaya.

Auta ta riga ta ɗaga bangon.

"Ta ƙarshe ɗari biyu da sha shida, ta jiya. Ke nan tamu sha bakwai." Ta ɗaga shafi don ta tabbatar. "Sha biyar, Talata. Sha huɗu, Litinin, zuwa ga magatakardan makarantar..."



"Makarantar me?" in ji Barista.

"Yallaɓai, ka riga ka ba su amsa ne?"

"Wace amsa? Ranar Litinin uku na sa wa hannu. Ta kotu, ta masu fili, da ta masu gyaran rufi. Ko ba haka ba Sakatariya?"



Layi uku ne, amma Auta ta daɗe a kansu. Yaya na kallon leɓunanta na motsi. Ta ga lokacin da ta kai kan lambar, ta ɗago ta dubi takardar da ke hannun Yaya, ta sake komawa. Ta ga lokacin da murmushin ya bar fuskarta. Ɗan littafin ƙwayoyin Mama ya zame daga cinyarta ya faɗi ƙasa, ba ta ko kalle shi ba.

"Ɗalibar da ofishin nan ya tsaya wa," Auta ta faɗa a hankali. Ta ɗago jajayen idanu. "Yaya, ranar Litinin ba ki san naki ba ne."

Ta ɗora yatsa a kan layin.

"Wa kike nufi, Yaya?"

"Wai me ke faruwa ne?" Barista ya cire tabarau ya mayar, yana juya kai daga wannan zuwa waccan. "Kun san fa ba gani nake yi ba, ku daina min magana a dunƙule. Wace takarda ce? Auta, ba yayarki, ke ba ki iya karatun wasiƙa ba."

Auta ta ɗaga ƙarfen fayil ɗin. Ta zare takardar, ta taso ta ajiye ta a cinyar Yaya, a kan ɗayar.

Barista ya jingina da kujera, ya harɗe hannuwa a ciki kamar yadda yake yi kullum.

"Karanta min, 'yata," ya ce. "Ke ce idona. Ke dai ba ki taɓa karanta min ƙarya ba."